Wayar da Fatihu Ya Ƙara

Masu haɗa na'urorin sadarwa a Abuja suna da wata mummunar al'ada, kuma babu wanda bai san mummuna ce ba a cikinsu. Idan mutum ya saita wa wani ofis na'ura, sai ya kulle ta da kalmar sirri, ya tafi da kalmar a kansa. Ba ya ba mai ofishin, balle wani ma'aikacin da za a iya kira a bayansa. In ka tambaye su sai su ce tsaro ne. Ba tsaro ba ne. Rowa ce, da tsoron kada a daina nemansu.

A cikin wannan al'ada Fatihu ya koyi aiki, kuma bai taɓa ganin laifinta ba. A Kubwa yake zaune, kullum da safe yana bin bas zuwa wani kamfani a Wuse inda ake kiransa injiniya. Ya iya aikinsa, wannan ba za a ƙwace masa ba. Abin da bai iya ba shi ne ya buɗe baki ya ce wa ɗan'uwansa ma'aikaci, zo mu duba tare.

Yayarsa Hindatu ce ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu. A ɗakinta na haya a Karu ya yi karatunsa, da albashinta na malamar firamare. Da ta gaji da alli sai ta ajiye aiki, ta tattara duk abin da ta mallaka ta buɗe cibiyar jarrabawar kwamfuta a Kurudu: wani dogon zaure mai rufin kwano a bayan gidan mai, cike da tebura da kwamfutoci na hannu, 'yan tokumbo, sama da ɗari biyu. Hukumar jarrabawa ta sa sunan cibiyar a cikin wuraren da take tura ɗalibai. Da wannan suna wurin yake numfashi. In aka cire shi, abin da zai rage wa Hindatu tebura ne da zafin kwano.

Lokacin da ake haɗa zauren, Fatihu yana wani aiki a Fatakwal, don haka Hindatu ta ɗauki Dominic, wani mutumin Karshi mai shago a Mararaba. Shi ya ja wayoyi ta ƙarƙashin tebura, ya tara su a babban suwic, akwatin nan mai ramuka a jere inda wayoyin zauren duka suke haɗuwa. Daga suwic waya ɗaya ce take fita zuwa rauta, akwatin da ke tsakanin zauren da sabar, wato babbar kwamfutar da tambayoyi suke ciki. Da Fatihu ya dawo, ya zaga zauren hannu a aljihu, ya ce wannan aikin gefen titi ne. A gaban Hindatu ya faɗa, Dominic yana tsaye. Ya karɓe rauta, ya canza mata kalmar sirri. Dominic kuwa, kafin ya fita, ya canza ta suwic. Tun daga ranar aka samu akwatuna biyu a kan kanta ɗaya, waya ta haɗa su, masu su ba sa gaisawa.

A jarrabawar gwaji, tambayoyi masu hotuna suka riƙa buɗewa kamar ana jawo su daga rijiya. Jami'ar da hukuma ta turo, wata doguwa mai tabarau da ake kira Madam Felicity, ba mai son dogon bayani ba ce. Ta tsayar da Hindatu a bakin ƙofa ta ce ranar jarrabawar gaske ita za ta dawo, kuma in yara suka kasa yin aikinsu saboda na'ura, za ta ba da rahoto a cire cibiyar.

Ranar Asabar Fatihu ya zo da sabuwar waya shuɗiya a naɗe a kafaɗa. Ya shiga ɗan ɗakin na'urori da ke ƙarshen zauren, Hindatu ta ja kujerar roba ta zauna a bakin ƙofa tana fifita da kwali.

"Yaya, kin san titin Nyanya da safe," in ji shi yana warware wayar. "Motoci dubu, hanya ɗaya. Haka wayarki take. Zan buɗe hannu na biyu, in ɗaure su su zama hanya guda mai faɗi."

"Titin Nyanya hannu nawa gare shi? Ya hana mu kwana a kai?"

"Wannan direbobi ne. Na'ura ba ta da taurin kai."

"Masu ita fa?"

Ya soka bakin wayar ɗaya a rauta, ɗaya a suwic, kusa da tsohuwar waya, ya buɗe kwamfutarsa ta hannu a kan cinya.

Aikin ɗaure waya biyu ba shi da wuya, amma yana da sharaɗi. Dole a gaya wa akwatunan biyu cewa waɗannan wayoyi hanya ɗaya ce. In an gaya musu, sai su riƙa yi wa juna sallama ta kowace waya ba tsayawa, tsarin da masu sana'ar ke kira LACP. Wayar da aka yi sallama ta cikinta ba a amsa ba, ba a ɗora mata kaya. Fatihu ya saita nasa ɓangaren tsaf. Rauta ta yi sallama. Suwic ya yi shiru, don ba wanda ya gaya masa komai, kuma mai iya gaya masa yana Mararaba. Fatihu ya gwada kalmomin da ya san malalatan ma'aikata suna bari a na'ura. Ya gwada sunan Dominic, ya gwada sunan shagonsa. Suwic ya ƙi shi.

"Ya ƙi?" in ji Hindatu.

"Mutuminki ya kulle."

"To a kira shi."

"Ni ba zan kira shi ba."

Ta ɗauki wayarta ta kira da kanta, ta sa a lasifika ta ɗora a kan gwiwa. Muryar Dominic ta fito tare da hayaniyar kasuwa da ƙarar janareta.

"Madam, ina gaisuwa. Yaya yara?"

Ta yi masa bayani iyakar yadda ta fahimta.

"Wannan ba wahala," in ji shi. "In hau okada in zo yanzu. Amma oga injiniya ma ya buɗe nasa rauta, mu zauna tare, in ga abin da ya sa, ya ga abin da na sa. Kafin ruwan shayi ya tafasa mun gama."

"Ki ce masa ya turo kalmar kawai," in ji Fatihu, idonsa a kan allo.

"Ina jin ka, oga. Kai ka fara turo naka mana. Ko ɗan gefen titi bai isa ya ga rautan Wuse ba?"

"Dominic, don Allah," in ji Hindatu. "Fatihu, don girman Allah. Wurina ne fa, ba naku ba."

"Madam, ni ina nan. Ranar da ya shirya, ki kira ni."

Wayar ta mutu. Hindatu ta dubi ƙaninta, shi kuwa ya ɗaga kafaɗa kamar wanda aka tabbatar masa da maganarsa.

"Kin gani? Ba aiki yake so ba, so yake in durƙusa. Bar shi. Akwai wata hanya."

Akwai wata hanya kam, tsohuwa ce, kuma duk mai hankali yana gudunta. Sai ka ce wa rauta ta daina jiran amsar sallama, ta raba kaya a kan wayoyin biyu ko an amsa ko ba a amsa ba. Layi ɗaya ya rubuta. Fitilun ramukan biyu suka kama kore. Ya jona kwamfutarsa a wani tebur na gaba, ya buɗe tambayar gwaji, hoto ya faɗo nan take.

"Zo ki gani, Yaya."

Ta leƙa, ta ga hoton zuciyar ɗan'adam da kibiyoyi a jikinta ya cika allo. Ta sauke ajiyar zuciya ta ce alhamdu lillahi.

Fatihu ya san wannan gwaji ba gwaji ba ne. Rauta tana raba kaya ne bisa adireshin kowace kwamfuta: wannan ta bi waya ta farko, waccan ta bi ta biyu, kuma wadda ta faɗa a wata waya, a kanta za ta zauna. Kwamfuta ɗaya ba ta nuna komai sai hanyar da ta faɗa. Gwajin gaskiya shi ne a tada babban janareta, a kunna zauren duka, a bi teburi-teburi. Wannan zai cinye yamma, hadari kuma ya haɗo ta gabas, Kubwa da nisa. Ya gaya wa kansa fitila kore ba ta ƙarya. Ya san tana yi. Ya ci shinkafar da yayarsa ta kawo masa a kula, ya wanke hannu, ya ce an gama.

A tsakiyar mako ta kira shi yana ofis. Ta ce yaran da ke zuwa koyon danna kwamfuta sun yi ƙorafi, wasu teburan ba sa buɗe komai, allo sai juyi, amma na kusa da su lafiya lau.

"Kullum teburan nan ne?" ya tambaya.

"Su ɗin dai ne. In na canza wa yaro wuri sai ya yi aiki."

Ya gane abin da wannan ke nufi, amma sai ya ce:

"Tsofaffin kwamfutocin da Dominic ya zaɓo miki ne. Ki sa a kashe su a kunna. Zan zo da wuri ranar jarrabawa."

Yara 'yan kaɗan ne ke zuwa koyo, teburan da suka taɓa ba su da yawa, don haka Hindatu ta ɗauka kwamfutoci ne biyu ko uku, ta liƙa musu takarda ta bar su.

Ranar jarrabawa gari ya waye da zafi mai nauyi, irin wanda ke gaban ruwa. Tun kafin rana ta ɗaga layin yara ya kai bakin gidan mai. Ana dangwala yatsa a ƙofa ana shiga ɗaya bayan ɗaya. Iyaye sun taru a ƙarƙashin mangwaro a tsallaken hanya, wata Bafulatana ta sauke ƙwaryar nononta a gefensu. Hindatu ta sa atamfarta mai kyau, tana kai da kawo tana ce wa kowa sannu. Fatihu ya iso a makare, saboda bas ɗinsu ta tsaya a hanya, ya wuce ɗakin na'urori kai tsaye. Fitilu kore. Ya zauna.

Madam Felicity ta ba da izini. Zauren ya yi tsit, ba abin da ake ji sai fankoki da gurnanin janareta. Sai hannu ya ɗaga a layi na uku. Wani ya ɗaga a baya. Kafin masu sa ido su isa wurin na farko, hannuwa sun tashi ko'ina, ɗaya nan, biyu can, babu tsari, kamar an watsa tsakuwa. Yaro yana amsa tambayarsa, na gefensa yana kallon allo fari da ɗan zobe yana juyawa. Kusan rabin zauren ke nan. Agogon jarrabawa kuwa daga sabar yake tafiya, bai san wanda allonsa ya buɗe da wanda bai buɗe ba.

Fatihu ya buɗe rauta ya dubi ƙididdigar ramukan biyu. A tsohuwar waya, lambobin shiga da na fita suna hawa tare. A shuɗiyar, lambar fita tana gudu, ta shiga kuwa ta tsaya cak. Bai buƙaci wani ya fassara masa ba. Suwic, da ba a taɓa gaya masa komai ba, ya ga waya biyu suna zuwa wuri ɗaya, ya ɗauka kuskure ne da zai sa saƙo ya riƙa zagayawa ba iyaka, sai ya rufe ɗaya daga ciki, ya bar fitilarta a kunne. Duk amsar da rauta ta jefa a shuɗiyar waya, a bakin rufaffiyar ƙofa take zubewa. Tun Asabar haka abin yake.

Maganin yana gabansa, aikin yatsa biyu. In ya zare shuɗiyar waya, rauta za ta ga ta mutu, ta mayar da kowa kan tsohuwar. Hotuna za su yi nauyi kamar ranar gwaji, amma kowane yaro zai ga tambayarsa. Ya miƙa hannu.

"Injiniya, me ke faruwa?"

Madam Felicity ce a bakin ƙofa, Hindatu a bayanta. Ɗakin ƙarami ne, ba inda hannunsa zai je ba su gani ba. Hindatu ta san wayar, a gabanta aka soka ta. In ya zare zauren ya tashi, babu sauran tambaya game da wanda ya kashe shi. Ya mayar da hannun ya sosa wuya.

"Ni 'yar Jos ce, ina jin Hausa," in ji Madam Felicity. "Kada ku yi mini rufa-rufa. Mene ne?"

"Suwic ne, Madam. Ya rufe hanya. Kuma ba ni da kalmarsa, wani ne ya kulle."

Babu kalmar ƙarya ko ɗaya a cikin abin da ya faɗa, kuma duk maganar ƙarya ce. Hindatu ta juya da sauri tana laluben lambar Dominic. Aka ji ta tana cewa ya bar duk abin da yake yi, ya zo yanzu, kullewar nan tasa ta kashe ta. Madam Felicity ta dubi agogon hannunta.

"Ba zan jira mutum daga Mararaba ba. Kai da ke nan, yi wani abu."

"Bari in kashe rauta in kunna."

Ya san ba zai gyara komai ba. Lissafinsa shi ne yayin da na'urar ke tashi za su koma zaure su duba yara, ya samu ɗakin shi kaɗai. Ya danna. Zauren gaba ɗaya ya mutu, har da waɗanda ke aikinsu lafiya. Wani gunaguni ya tashi daga tebura kamar na kasuwa daga nesa. Madam Felicity ba ta motsa daga bakin ƙofa ba. Ta harɗe hannuwa tana kallon yatsunsa. Rauta ta tashi, fitilu suka koma kore, rabin zauren ya dawo, rabin ya ci gaba da kallon zobe.

Ta tsakanin kafaɗunsu Fatihu yana hango wata yarinya a layin ƙarshe, mai farin hijabi. Ta daɗe da ɗaga hannu har ta tallafe gwiwar hannun da ɗayan. Ba ta kuka, ba ta magana. Tana dai duban allonta, ta dubi agogon bango, ta sake duban allon. Hindatu ta je ta dafa ta, ya ji tana cewa, "Yi haƙuri, Mufida, yanzu zai dawo." Ya kawar da kai. Ya buɗe wasu shafuka a kwamfutarsa yana danne-danne don a ga yana aiki. Ruwa ya sauko a kan kwano, ƙararsa ta cika zauren.

"Ya isa," in ji Madam Felicity. Ta ciro wayarta ta nufi baranda. Hindatu ta bi ta, tana cewa Madam ki taimake ni, ki ƙara mana kaɗan, yana hanya. A bakin ƙofar zaure, a gaban yara da masu sa ido, mace mai shekarunta ta sa gwiwoyinta a ƙasa.

Ƙofar ɗakin na'urori ta zama ba kowa. Fatihu ya zare shuɗiyar waya daga ɓangarorin biyu, ya dunƙule ta ya tura ƙasan jakarsa, ya ja zif. Bai gama miƙewa ba ya ji zauren ya canza murya. Zobba suka ɓace, tambayoyi suka fara faɗowa, a hankali, hoto yana sauka daga sama zuwa ƙasa, amma a kowane teburi. Hannuwa suka sauka. Wani yaro ya ce, "Ma, ya dawo."

Madam Felicity ta shigo tana mayar da wayar cikin jaka. Ta tsaya ta dubi allunan da suka farfaɗo, fuskarta ba ta sauya ba.

"Kowa ya cire hannu daga kwamfuta. An soke wannan zama. Za a tura muku saƙo da sabuwar rana da sabon wuri."

"Madam, ga shi yana aiki," in ji Hindatu, zaninta ya jiƙe a gwiwa.

"Yana aiki yanzu. Rabin yaran nan sun rasa rabin lokacinsu, rabi sun riga sun ga tambayoyi. Wa zan ba maki, wa zan hana? Na riga na faɗa wa ofis. Na zaman rana ma an karkatar da su." Ta ɗan sassauta murya. "Hajiya, na gaya miki tun ran nan."

Yara suka fita cikin ruwa. A tsallaken hanya iyaye suka taso daga inda suka fake, aka fara tambaya, aka fara zagi. Wani dattijo ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa daga Orozo ya kawo 'yarsa tun asuba, a nuna masa mai wurin. Masu gadi suka tura ƙofar ƙarfe.

A lokacin Dominic ya iso, a jiƙe sharkaf, kwamfutarsa a cikin leda a ƙarƙashin riga. Hindatu ta tare shi a tsakiyar zaure, ta sauke masa duk abin da ke cikinta. Ta ce ya ci amanarta, ya kulle mata kaya kamar na ubansa, Allah ya isa tsakaninta da shi. Ya tsaya ruwa yana ɗiga daga haɓarsa, yana duban allunan da ke kunne.

"Madam, amma komai yana aiki. Me aka canza? Wani abu aka taɓa tun da na bar wurin nan?"

"Ba abin da aka taɓa sai gyaran da ka ƙi zuwa ka yi. Zo ka gani."

Ta ja shi zuwa ɗakin na'urori. Fatihu yana tsaye a gefe, jaka a kafaɗa. Ta miƙa yatsa wajen kantar na'urorin.

"Ga wayar da ya ƙara, ita ce ma ta..."

Yatsanta ya tsaya a kan rami wanda ba komai a cikinsa. Ta dubi bayan rauta. Ta dubi ƙasa, ko ta faɗi. Dominic ya bi yatsan da ido, ya dubi Fatihu, ya dubi jakar.

"Oga, ka sa waya biyu, ba a gaya wa suwic ba?" Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ka tilasta wa rauta. Kuma da aka zare, komai ya dawo."

"Da ka turo kalmar da ba a kai nan ba," in ji Fatihu.

"Da ka buɗe naka fa?"

Dukansu gaskiya suka faɗa, kuma ba ta amfani kowa ba. Dominic ya gyara ledarsa a ƙarƙashin riga, ko buɗe ta bai yi ba. Ya ce wa Hindatu Allah ya kyauta, ya koma cikin ruwa.

Suka rage su biyu. Janareta yana ta ci da mai a banza.

"Yaushe ka zare ta?" in ji Hindatu. Muryarta ta yi ƙasa sosai.

"Yanzu. Da kuka fita."

"Yaushe ka san ita ce?"

Ya dubi kantar na'urorin.

"Fatihu. Lokacin da matar nan ta tambaye ka, ka sani?"

"Yaya, abin ba haka yake ba. In da suwic ɗin..."

"Lokacin da na durƙusa mata, ka sani?"

Ta jira har ta tabbatar ba zai amsa ba, sannan ta fita ta ce wa mai gadi ya kashe janareta.

An cire sunan cibiyar kafin damina ta yi nisa. Hindatu ta je ofishin hukuma a cikin gari, ta zauna a benci, ta dawo. Ta sake zuwa, aka ce mata sai wata shekara a duba, in an duba. Babu mai riƙe zauren kwamfuta shekara guda ba ɗalibai. Wani mai makaranta daga Masaka ya kwashe kwamfutocin, mai zauren ya ba wani dillalin abincin kaji haya. Ita kuma ta samu koyarwa a wata makarantar kuɗi a Jikwoyi, ajin ƙananan yara, inda shugabar makarantar ta taɓa zama ɗalibarta.

Ba ta yi wa Fatihu faɗa ba, ba ta kai ƙararsa wurin dangi ba. Da ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ya kira ta, ta ɗauka, ta tambayi matarsa da yara, ta ce sai an jima. A ofis a Wuse ana nan ana kiransa injiniya, ba wanda ya ji labari.

Ranar da za a miƙa makulli ita ta kira shi. Ta ce ya zo ya sauke mata allon suna daga saman ƙofa, ba ta da wanda zai hau. Ya zo ya tarar zauren ya zama fili, sai ramukan ƙusa a ƙasa inda tebura suka zauna, da buhunan dusa da aka fara jibgewa a lungu. Aka aro tsani a gidan mai. Ya hau, ita ta riƙe masa ƙafar tsanin da hannu biyu. Ƙusoshin sun yi tsatsa, ya daɗe yana fama da su, gumi yana shiga masa ido.

"Yaya," ya ce daga sama, bai dubi ƙasa ba. "Akwai wani mutum a Gwarimpa da ke neman mai kula masa da cibiya. In kina so in yi masa magana..."

"Kula da gefen can, zai lanƙwashe," in ji ta. "Na sayar wa mai shayi, rumfa zai yi da shi."